Ungozoma da Nas a Ƙasar Jega

Wanda ya taso daga Sakkwato ya nufi Yawuri, garuruwa uku zai ratsa a jere. Na fari Aliero, garin albasa da masu ɗori. Sa'an nan Jega a bakin Gulbin Zamfara, wadda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa bayan rasuwar ubansa a 1818, har kasuwarta ta yi suna ko'ina cikin ƙasar Gwandu. Daga nan sai Maiyama. Labarin sarakuna da fatake na wannan ƙasa an sha ba da shi. Amma akwai wani ɗaki da masu tarihi ba su cika leƙawa ba, watau ɗakin haihuwa, alhali kuwa da sarki da falke duk daga can suka fito.

A zamanin da, in mace ta sami cikin fari, sai a mai da ita gidan iyayenta goyon ciki. Ba wanda zai gaya mata abin da ke gabanta, don kunya ta hana. In naƙuda ta zo sai ta durƙusa ita kaɗai, ta cije, don kada a ce ta yi raki. Sai jariri ya faɗo ake kiran ungozoma. Aikinta shi ne ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta tsaya a kan wankan jego da kunun kanwa har a yi arba'in. Kada a raina tsofaffin nan. Sun san kowane gida, ba a yi musu sallama da “wane ne?”, kuma maganarsu ta fi ta miji shiga kunnen mai jego. Sai dai in jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama mace, ko ɗa ya zo a gicciye, ba su da abin yi sai rubutu da jiƙo. In abin ya tsananta a yi yankan gishiri, wanda sau da yawa ɓarnarsa ta fi gyaransa.

Koya wa mata ilmi ta bakin mata kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ita ta tsara 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa, ita kuma ta koma ƙauyensu ta koya wa matan aure abin da ta ɗauko. Asma'u ta gane cewa matar kulle ba za ta zo makaranta ba, sai dai makaranta ta je mata, a bakin wadda ta yarda da ita. Ku riƙe wannan, don za mu komo kansa.

Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Sannu a hankali aka gina ɗakunan shan magani na En'e, daga baya aka yi babban asibiti a Birnin Kebbi, wanda yau ke ɗauke da sunan Sarkin Gwandu Yahaya, da ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954. To, amma malaman asibiti na lokacin nan kusan duk maza ne. Wane magidanci ne zai ɗora matarsa a kan jaki, tana naƙuda, ya yi tafiyar yini, don wani namiji ya duba ta? Saboda haka ba a kai mace sai an fid da rai. In ta cika a can, sai labari ya bazu cewa asibiti ne ya kashe ta, gobe kuma wata ta ƙi zuwa.

Abin da ya buɗe idon duniya a kan wannan al'amari daga Zariya ya fito. Tsakanin 1976 da 1979 wani likita ɗan Nijeriya, Kelsey Harrison, da abokan aikinsa suka rubuta labarin haihuwa 22,774 a jere, ba su tsallake ko ɗaya ba. Suka ga matan da suka yi awon ciki kaɗan ne ƙwarai ke mutuwa cikinsu, mutuwar ta taru ne a kan waɗanda aka kawo a makare ba su taɓa awo ba. Wani abin mamaki kuma, 'yan mata ƙanana masu ciki da aka ba ƙwayar ƙarin jini da maganin zazzaɓin sauro sai suka ci gaba da ƙara tsawo, haihuwa ta fi zo musu da sauƙi. A Zariyar nan dai likitoci suka lura cewa yawan kanwa da tsananin zafin wanka da gasa jiki suna da hannu cikin kumburi da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. A Katsina kuma, daga 1984, wani likita mutumin Holan, Kees Waaldijk, ya shiga ɗinke masu yoyon fitsari a Babbar Ruga, cutar da doguwar naƙuda ke jawowa. Yanzu akwai wurin irin wannan aiki a Gesse, cikin Birnin Kebbi. A 1987 aka yi babban taro a Nairobi, ƙasashe suka ɗau alkawarin rage mutuwar mata wurin haihuwa.

Aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991. Jega ta sami makarantar koyon aikin lafiya, inda ake horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara, Birnin Kebbi kuma tana da ta nas-nas da ungozomomin zamani. A 2009 Gwamnatin Tarayya ta fara aika ungozomomi ƙauyuka. Wannan dabara ta yi kyau a takarda, amma baƙuwar da ba ta da dangi a gari, ga ba ɗaki mai kyau, ga albashi na makara, ba ta daɗewa. Ga shaida: a ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018, cikin haihuwa ɗari a Jihar Kebbi kamar uku kaɗai ne aka yi a hannun wanda ya koyi aikin, ba jihar da ta kai ta ƙaranci. Ashe gina asibiti daban, shigar mata cikinsa daban.

Nan ne dabarar jaji ta komo. Nas ɗin da ta fi amfani a Jega ko Maiyama ita ce 'yar gari, wadda za ta shiga gidan suna ta zauna a kan tabarma, ta kira tsohuwa Inna, ta jawo ungozoma jika maimakon ta kore ta. Abin da take koyarwa ba shi da yawa: a zo awo tun ciki na ƙarami, a sha ƙwayar ƙarin jini, a yi allurar da ke tsare jariri daga ciwon sanƙarewa, a kwana cikin gidan sauro, a shafa wa cibi maganin asibiti a bar toka da gashi. Sa'an nan alamu huɗu da ba a jira a kansu: zubar jini, jijjiga, kumburin fuska da ciwon kai mai tsanani, da naƙudar da rana ta fito ta faɗi a kanta. Daga 2022 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta buɗe sashen yara masu tamowa a asibitin Maiyama, kowane yaro kuwa da uwarsa yake kwana, wannan ma wata ƙofa ce ta isa ga mata.

Saura maza. Mutumin Aliero in albasa ta yi, yakan bi mota Kudu ya yi kwanaki, na Jega yana bin kasuwanni, wani kuma ya tafi cin rani. Mace ba ta fita sai da izinin miji, sau da yawa kuwa jiran izinin nan shi ke cinye sa'o'in da za a cece ta. Don haka ma'aikatan lafiya yanzu sukan nemi magidanci ya ba da izininsa tun kafin ya tafi, a gaban uwarsa ko wansa, ya ajiye kuɗin mota, ya kuma faɗi direban da za a tasa in abin ya zo da tsakar dare.