Takardar da Ta Fito daga Kurkukun Kartaj

A shekarar 203, a birnin Kartaj da ke bakin teku kusa da Tunis ta yau, hukumar Romawa ta kama wasu masu koyon addinin Kirista da ba a riga an yi musu baftisma ba. Cikinsu akwai Perpetua, 'yar gidan manya mai shekara 22, da goyon ɗa namiji a nono, da Felisita, baiwa mai tsohon ciki. Ba kansu farau ba, domin tun a shekarar 180 an fille kan Kiristoci 12 a wannan birni. Sai dai abin da ya rage na waɗancan bai wuce tambaya da amsar gaban alƙali ba. Perpetua kuwa da kanta ta rubuta abin da ya same ta, rubutun nata kuma yana cikin mafi daɗewa da muke da su daga hannun mace Kirista.

Duk wanda ya karanta zai fara cin karo da mahaifinta. Dattijon bai bi addininta ba, amma yana sonta fiye da sauran 'ya'yansa. Da ya matsa mata, sai ta nuna masa wani tulu a gefe, ta tambaye shi ko za a iya kiransa da wani suna ban da tulu. Ya ce a'a. Ta ce to ita ma haka take, Kirista ce. Ya sake dawowa yana kuka, yana sumbatar hannayenta, yana roƙonta ta dubi furfurarsa. Ranar shari'a ya zo da jaririn a hannu, har mai mulki Hilariyanus ya sa aka buge shi da sanda. Ta rubuta cewa dukan ya yi mata zafi kamar a jikinta ya sauka.

Ba ta ɓoye tsoronta ba. Duhun kurkukun ya firgita ta, ga zafi, ga cunkoso, ga sojoji masu tatsar kuɗi, ga tunanin yaron da yunwa ta galabaitar. Wasu masu hidimar ikkilisiya biyu, Tertiyus da Pomponiyus, suka ba masu gadi na goro aka fito da su inda iska ke kaɗawa, ta ba shi nono. Da aka yarda ya zauna tare da ita, ta ce nan take kurkukun ya koma mata fada. Wannan wurin ne nake komawa kullum, domin muryar uwa ce tsantsa, babu ado a cikinta.

Ta ajiye alƙalaminta ana gobe za a fitar da su filin kisa, wani da ya shaida abin ya ƙarasa. Dokar Rum ta hana kashe mai ciki, Felisita kuma tana fargabar a bar ta baya. Naƙuda ta kama ta a wata na takwas, ta haifi 'ya mace, wata 'yar'uwa cikin bangaskiya ta karɓi riƙo. Ranar 7 ga Maris, a wasannin zagayowar haihuwar Geta ɗan sarki Septimiyus Seberus, aka saki namun daji kan mazan cikinsu, matan kuma aka sakar musu mahaukaciyar karsana. Da ta yar da Perpetua, sai ta tashi zaune ta gyara suturarta, ta ɗaure gashinta, don kada a ce makoki take yi, sannan ta miƙa hannu ta tayar da Felisita. A ƙarshe, da hannun saurayin da aka ba takobi ya kama rawa, ita ta kai kaifin wuyanta.

Daga nan takardar ta kama hanyarta. Tertuliyan, malamin Kartaj na zamanin, ya ambaci Perpetua. Kalandar Rum ta shekarar 354 ta riga ta sa ranar matan biyu, sunayensu kuma suka shiga tsohuwar addu'ar jibin Ubangiji ta Rum, 'yar gata da baiwa a jere ɗaya. A Afirka ana karanta labarin a majami'u kowace shekara, har ta kai Ogustin, bishop na Hippo, ya tunatar cewa ba Littafi Mai Tsarki ba ne. Ya yi wa'azi a ranarsu fiye da sau ɗaya, yana mamakin irin wannan jarumta a jikin mata.

Amma garin yabo aka yi ɓarna. An samu gajerun labarai da suka maye gurbin na asali a wurare da dama, kuma irinsu ne suka shiga littafin tarihin waliyyai da Yakubu na Borajine ya tara a ƙarni na 13, wanda Turai ta karanta sosai. A cikinsu an nuna Perpetua tana ture jaririnta tana korar iyayenta. Ina ganin wannan rashin adalci ne gare ta. Matar da ta rubuta cewa hankalinta bai kwanta ba sai da ta tabbatar yaron ya daina neman nono, kuma nononta bai kumbura ya dame ta ba, ba ita ce za ta jefar da ɗanta ba. Masu gyaran sun ɗauka taurin zuciya ne shahada, alhali nauyin abin da ta bari shi ya ba sadaukarwarta daraja.

Kartaj kanta ta sha juyin zamani. 'Yan Bandal sun ci ta a 439, suka ƙwace babbar majami'ar da aka binne shahidan, Larabawa kuma suka karɓe birnin a 698, ya zama kufai. Cikakken rubutun Latin ɗin ya tsira a ɗakunan karatun 'yan zuhudu, har Lukas Holsteniyus ya same shi a Monte Kasino, aka buga a 1663. A wajen 1907, Fada Delattre yana tono a kufan Kartaj ya tattara gutsattsarin wani allon marmara. Da aka harhaɗa su, sai ga sunayen shahidan shida: Saturus, Saturninus, Rebokatus, Sekundulus, Felisita da Perpetua.