Ranar Daidaiton Albashi: Asalinta da dalilin sanya jajayen tufafi

Ranar Daidaiton Albashi rana ce da ake keɓewa duk shekara domin jawo hankalin gwamnatoci da masu ɗaukar ma'aikata kan giɓin da ke tsakanin albashin mata da na maza. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta ƙiyasta cewa a matsakaicin lissafi albashin mata ya gaza na maza da kusan kashi 20 cikin 100 a faɗin duniya.

Asalin ranar

An fara raya ta ne a Amurka a shekarar 1996. A can ba ta da tsayayyen kwanan wata, domin ana ɗora ta ne a kan ranar da mace za ta kai tana aiki cikin sabuwar shekara kafin ta tara abin da namiji ya samu a bara. A 2024 ta faɗo ranar 12 ga Maris. Lokacin da Shugaba John Kennedy ya rattaba hannu a kan dokar daidaita albashi a 1963, mace na samun kimanin santi 59 ne a kan kowace dala ɗaya ta namiji. Zuwa 2023 adadin ya kai kusan santi 83. Ita kuwa Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da 18 ga Satumba a matsayin ranar ta duniya baki ɗaya, aka kuma fara kiyaye ta a 2020.

Me ya sa launin ja?

Al'adar ta samo tushe daga littafin akanta, inda a da ake rubuta riba da baƙar tawada, asara kuma da ja. Saboda haka mai sanya jar riga ko jan ɗankwali a ranar na nuna cewa lissafin mata yana ɓangaren asara. A Jamus, inda aka fara raya ranar a 2008, jar jakar hannu ce alamar gangamin.

Musabbabin giɓin

Alƙaluman ba su taƙaita ga mutum biyu masu aiki iri ɗaya ba. Sun haɗa da yawaitar mata a ayyuka masu ƙarancin albashi, da ƙarancinsu a manyan muƙamai, da katsewar aiki saboda haihuwa da reno. Binciken Claudia Goldin, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ya nuna cewa giɓin ya fi buɗewa ne bayan haihuwar fari.

Ƙasar Iceland ta yi fice wajen magance matsalar. Ranar 24 ga Oktoban 1975 kusan kashi 90 cikin 100 na matanta suka ajiye aikin ofis da na gida. A 2018 kuma doka ta wajabta wa duk kamfani mai ma'aikata 25 ko fiye ya tabbatar da hujja cewa yana biya daidai.

Matsayin Najeriya

Najeriya ta amince da Yarjejeniyar ILO mai lamba 100 a 1974, kuma sashe na 17 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi biya iri ɗaya ga aiki iri ɗaya ba tare da la'akari da jinsi ba. Sai dai sashen yana cikin Babi na Biyu, wanda ba a iya tilasta shi kai tsaye a kotu.

A aikin gwamnati mataki ne ke yanke albashi, don haka bambancin kan ɓuya ne a wajen ƙarin girma. A shaguna da ƙananan masana'antu kuwa, inda ake ƙulla lada da baki, babu ma'aunin da zai fallasa shi. Ma'aikaciyar da ke ganin an tauye mata haƙƙi saboda jinsi na iya kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sashe na 254C ya ba hurumin sauraron irin waɗannan ƙararraki.