Daga Ina Akun Imam Ya Taso?

Wata malamar sakandare ce ta aiko mana da tambaya a makon jiya. Ta ce wani ɗalibinta ya miƙe a aji ya ce wai ya ji Magana Jari Ce ba aikin Abubakar Imam ba ne, kwaso labaran ya yi daga littattafan Turawa da Larabawa. Ta tsawata masa ya zauna, amma maganar ta tsaya mata a rai, domin shi ne littafin da ta fara saukewa da kanta tun tana firamare. Tana son jin gaskiyar lamarin.

To Malama, yaron nan bai tashi da ƙarya ba, sai dai gutsuren labari aka ba shi.

A shekarar 1933 Rupert East, Baturen da ke riƙe da Hukumar Fassara a Zariya, ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai da 'yan boko su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, za a yi gasa. Dalilinsa a fili yake: an koya wa yara karatu a elementare, amma babu abin karantawa in ban da littattafan aji. Ya sha wuya kafin a saurare shi. A wurin malaman lokacin, alƙalami na addini ne da tarihi da waƙar wa'azi, tatsuniya kuwa hirar mata da yara ce da dare. Dattijo ya zauna ya tsara abin da bai faru ba, ya sa sunansa a kai, ai ya zubar da girma.

Duk da haka rubuce-rubuce sun shigo, aka buga biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda a lokacin malamin makaranta ne a Bauchi, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Imam, haifaffen Kagara a 1911, yana da shekara ashirin da biyu, yana koyarwa a Midil ta Katsina.

Tun a wannan littafi na farko maganar aro ta taso, kuma East ne ya fara tayar da ita. Da ya karanta rubutun, ya gane wasu labaran da aka ɗebo daga littattafan da aka riga aka sani, ya rubuta wa Imam a kan haka, aka cire wasu kafin a kai ɗab'i. Shi kansa Imam bai ɓoye ba. A tarihin rayuwarsa da Abdurrahman Mora ya tace, aka buga a 1989, ya faɗa cewa Muƙamatul Hariri ya kwaikwaya. Duk wanda ya zauna gaban malami aka biya masa Muƙama zai ga kamannin: mutum biyu suna ta karo da juna daga wannan gari zuwa wancan, kowace haɗuwa da sabuwar dabara da sabon ta'adi. Haka Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suka yi ta yi. Neman ruwan da zai warkar da marar lafiya na gidan sarauta kuwa, akwai irinsa a tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan biyu, su Grimm, suka tattara.

Abin mamaki, East ɗin da ya yi gyaran nan shi ne kuma ya nemi a ba shi aron Imam a 1936. Aka kawo shi Zariya wata shida, aka jibge masa littattafan tatsuniyoyin Turai da na Gabas, aka ce ya karanta ya samo abin da zai gina littafin karatu na makarantu. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, tsakanin 1937 da 1939, labarai wajen tamanin. Wato aron nan aikin da aka sa shi ne, a ofis, da sanin hukuma.

Ko akun da ke ba da labarai a littafin ma baƙo ne. A Indiya akwai tsohon littafi da harshen Sanskirit mai suna Shuka Saptati, inda aku ke riƙe matar ubangidansa da labari kowane dare, har dare saba'in, don kada ta fita wurin wani namiji alhali mijin ya yi tafiya. Farisawa suka juya shi suka kira shi Tutinama. Imam ya ɗauki akun, ya ajiye matar da kwartonta, ya sa ɗan sarki Musa a gurbinta: Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci, aku na ta jan Musa da hira don kada ya fita daga fada ya faɗa tarko. A nan nake ganin gwanintar take. Labarin da uba ba zai so ɗansa ya ji ba, an mai da shi labarin sarauta da amana, har ana biya shi a aji.

Labarin Sarkin Busa, mai sarewar nan ne na garin Hamelin da ya janye ɓeraye, aka hana shi lada, ya janye yara. Kalala da Kalalatu, da Sahoro da Sahorama, duk suna da 'yan'uwa a wurin su Grimm. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya bi sawun labaran ɗaya bayan ɗaya a bincikensa kan adabin Imam, ya nuna inda da yawansu suka fito. Daga irin wannan bincike ne wasu suka tsinci kalma ɗaya, sata, suka yi gaba da ita, har ta iso ajin Malama.

Ni ban bi su ba. Wanda ya faɗi inda ya ɗauko da bakinsa, ba a kiransa ɓarawo. Sa'an nan a tambayi duk wanda ya karanta littafin nan a gindin fitilar ƙwai, bango ya yage, shafin farko ya ɓace don yawan zagaya gidaje, me ya riƙe? Ba ƙashin labarin ba ne. Kirari ne da baƙar magana da karin maganar da aka raɗa wa labarai suna da su, da yadda Kalalatu ke ɗanɗana kaza tana ba kanta hujja har ta cinye. Na girma ina ɗauka matar nan a bayan layinmu take. Su ma su Grimm ɗin ai daga bakin mutane suka ji suka rubuta.

A Janairun 1939 Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, aikin jarida da siyasa da hukuma suka ɗauke shi, ya rasu a Zariya a 1981. Bayan Magana Jari Ce an yi Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda shi ma jarumin tatsuniyar Rasha ne aka naɗa wa rawani, an yi Tauraruwa Mai Wutsiya da Kitsen Rogo. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid ya fito a 1980, daga nan ƙofa ta buɗe: Balaraba Ramat Yakubu, Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Funtuwa, da shagunan haya inda 'yan mata ke karɓar littafi su ɓoye cikin jakar makaranta. Malumfashi ya kira littattafansu Adabin Kasuwar Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu, aka yi ta muhawara a jaridar New Nigerian a ƙarshen shekarun 1990.

Babban zargin da iyaye da malamai suka yi wa waɗannan littattafai shi ne kwaikwayon finafinan Indiya da kawo soyayya cikin adabi, kuma Magana Jari Ce suke ɗagawa su ce ga namu na asali, alhali akun da ke cikinsa Ba'indiye ne. Soyayyar ma ta riga su zuwa. Jiki Magayi, ɗaya daga cikin biyar ɗin farko, labarin Abubakar ne da Zainabu, da attajirin da ya sa dukiya ya raba su, kuma sunan East na kan bangonsa.