Gobarar Kamfanin Triangle da Dokokin da Ta Haifar

A farkon ƙarni na 20, birnin Niyok shi ne cibiyar ɗinkin tufafi a Amurka, kuma yawancin masu zama a bakin keken ɗinki 'yan mata ne da suka yi ƙaura daga Turai: Yahudawa da suka gudo daga Rasha da maƙwabtanta, da kuma 'yan Italiya. Kwana shida suke aiki a mako, tun safe har dare, a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. A wasu wuraren ma daga aljihunsu ake cire kuɗin allura da zare. Ɗaya daga cikin manyan kamfanonin wannan sana'a shi ne Triangle, mallakar Max Blanck da Isaac Harris, wanda ya mamaye hawa na 8 da na 9 da na 10 na ginin Asch.

Tura ta kai bango a watan Nuwamba na 1909. An yi taron ma'aikata a zauren Cooper Union, manyan ƙungiyar ƙwadago suna ta jawabi suna ba da haƙuri, sai wata budurwa mai suna Clara Lemlich, mai shekara 23, ta miƙe ta nemi a daina dogon zance a tafi yajin aiki. Kashegari dubbai suka ajiye almakashi, adadin ya kai wajen 20,000. Sun yi watannin hunturu a bakin titi, 'yan sanda na kama su, 'yan daban da masu kamfani suka yi haya na dukansu. Zuwa Fabrairun 1910, ɗaruruwan ƙananan kamfanoni sun sa hannu a kan ƙarin albashi da rage sa'o'in aiki. Blanck da Harris kuwa suka ƙi amincewa da ƙungiyar. 'Yan matan Triangle suka koma bakin aiki babu mai tsaya musu.

Ranar Asabar, 25 ga Maris 1911, dab da lokacin tashi, wuta ta kama a hawa na 8, cikin tarin ƙyallayen da ake zubawa ƙarƙashin teburin yanka. Na hawa na 10 sun sami labari ta wayar tarho, da yawansu suka tsira ta kan rufi, har da masu kamfanin. Na hawa na 9 ba su sani ba sai da hayaƙi ya iso musu. Ɗaya daga cikin ƙofofin fita biyu a kulle take, domin masu kamfani sun saba tilasta wa ma'aikata bin ƙofa guda a bincike jakunkunansu, kada wata ta ɗauki riga. Matakalar ƙarfe ta gudun gobara ta lanƙwashe ta rufta da mutane a kanta. 'Yan kwana-kwana sun zo da wuri, amma tsaninsu iyakarsa hawa na 6. Jama'a na tsaye a ƙasa suna gani 'yan mata na faɗowa daga tagogi. Cikin ƙasa da rabin sa'a abin ya faru ya ƙare, mutum 146 suka rasa rayukansu, mata 123 da maza 23. Mafi ƙanƙanta a cikinsu 'yan shekara 14 ne.

Kotu ba ta share hawayen iyayensu ba. A Disambar wannan shekara aka wanke Blanck da Harris daga tuhumar kisa, saboda ba a tabbatar sun san ƙofar na kulle a wannan lokacin ba. Iyalan da suka kai ƙarar neman diyya sun tashi da dala 75 a kan kowane rai. A 1913 aka sake kama Blanck ya kulle ƙofa a lokacin aiki, aka ci shi tarar dala 20. Duk wanda ya karanta wannan ba zai rasa jin ɗaci a ransa ba.

Gyaran ta hanyar majalisa ya biyo, kuma a ganina yajin aikin 1909 ne ya share masa fage. Gobara ta sha cin ma'aikata kafin wannan, a yi kuka a manta. Wannan karon mamatan suna da ƙungiyar da ta san sunayensu, ta kuma fitar da dubun dubatar mutane jerin gwanon makoki cikin ruwan sama ranar 5 ga Afrilu. Jagororin Tammany Hall, masu riƙe da jam'iyyar Dimokurat a birnin, sun lura cewa iyaye da 'yan'uwan waɗannan yara masu jefa ƙuri'a ne. Majalisar jihar Niyok ta kafa hukumar binciken masana'antu, Robert Wagner na shugabanta, Al Smith na mataimaki.

Cikin masu taya hukumar bincike akwai Frances Perkins, wadda ta ga gobarar da idonta daga kan titi. Ba ta bar 'yan majalisar su zauna a ofis suna karanta rahoto ba. Ta kai su masana'antar gwangwani suka ga ƙananan yara na gyaran wake, ta tashe su da asuba suka ga mata na fitowa daga aikin dare a galabaice, ta sa Wagner ya rarrafa ta wata 'yar kafa da aka rubuta wa hanyar gudun gobara. Cikin 'yan shekaru jihar Niyok ta zartar da dokoki sama da 30: a bar ƙofofi ba kulle a lokacin aiki, a sa na'urar fesa ruwa a dogayen gine-gine, a riƙa atisayen fita, a hana shan taba a wurin aiki. A 1912 aka taƙaita aikin mata da yara zuwa sa'a 54 a mako.

Mutanen nan uku sun ci gaba tare a siyasa. Smith ya zama gwamnan jihar. A 1933 Shugaba Franklin Roosevelt ya naɗa Perkins sakatariyar ƙwadago, mace ta farko da ta shiga majalisar ministocin Amurka. Wagner, yana sanata, ya jagoranci dokar 1935 da ta ba ma'aikatan kamfanoni 'yancin kafa ƙungiya da yin ciniki da iyayen gidansu. A 1938 dokar tarayya ta kafa mafi ƙarancin lada na santi 25 a sa'a, ta hana sa ƙananan yara aiki a masana'antu, ta kuma tsara rage makon aiki zuwa sa'a 40. Ma'aikatan gona da masu aikatau a gidaje, waɗanda da yawansu baƙar fata ne daga kudancin ƙasar, an bar su a waje a duka dokokin biyu.