Wakilci: Daga Bakin Rumawa Zuwa Fadar Tsibiri

Kalmar delegate, wadda Turawan Ingila ke faɗa idan babba ya danƙa wa na ƙasa wani yanki na ikonsa, ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16 daga Latin, harshen Rumawa. Tushenta legare, wato aika mutum da saƙo a madadinka, kuma daga nan Faransancin da ake aiki da shi a ofisoshin Maraɗi ya samo tasa. Mu kuwa mun ce wakilta, daga wakil na Larabci, saiwa ɗaya da tawakkali. Bature ya kalli aiken, Balarabe ya kalli dogaron da aka yi ga wanda aka aika. Amma sun haɗu a wuri guda: iko yana nan hannun mai shi, aro kawai aka bayar. Dubi wurin ɗaurin aure. Wakilin ango yana zaune kan tabarma, goro a gabansa, ya nemi aure, ya karɓa, ya miƙa sadaki, amma ba shi za a kai wa amarya ba.

Wani zai ce tunda kalmar aro ce, to al'adar ma baƙuwa ce, malamai suka kawo ta, Nasara suka ƙarasa. Tarihin wannan yanki bai yarda ba. Bayan faɗuwar Alƙalawa, birnin Gobir, a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa ƙarƙashin sarkinsu Mayaƙi suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Sun rasa birni, amma sun taho da tsarinsu: Tara ta Gobir masu zaɓen sarki, da Inna mai nata hurumin. Katsinawan Maraɗi ma haka, Ƙaura yana riƙe da yaƙi, ga Galadima, Ƴanɗaka da Durɓi. Mutanen da ke gudun ceton rai ba sa ɗaukar kayan da ba su saba da shi ba. Kuma muna da jakada tun kafin mu ji sunan Faransa.

Gaskiya ne rawani ya bambanta da wakilcin fiƙihu, domin tuɓe Ƙaura ya fi sallamar ɗan aike wuya nesa ba kusa ba. Sai dai wannan ya nuna nauyin amanar ne, bai mayar da ita mallaka ba. Kansilan da mutanen Jiratawa ko Tsibiri suka zaɓa, daga zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 har zuwa rushe majalisunsu a 2024, ya san cewa aikensa aka yi, kuma waɗanda suka aike shi suna jiran ya dawo musu da bayani.