Abin Da Ya Sa Fuskokin Tsoffin Finafinanmu Suke Baje A YouTube



Da yawanmu mun fara sha'awar rubuta labarin fim, wasu kuma suna ɗaukar bidiyon karatun littafi ko hira da dattawan marubuta. Sai ga matsala guda biyu da ke yawan cin mana tuwo a ƙwarya: ko fuskar mutum ta baje kamar an danne ta, ko fayil ya ƙi buɗewa. Dukansu suna da tarihi, kuma wanda ya san tarihin ya san gyaran.

A farkon shekarun 1890, William Dickson da ke aiki a ɗakin binciken Thomas Edison a Amurka ya tsayar da zaren fim mai faɗin milimita 35, hoton da ke kansa kuma ma'auninsa 4:3, wato faɗi kashi huɗu, tsayi kashi uku. Da talabijin ta zo, sai ta gaji wannan ma'auni. Ganin mutane sun fara zama gida suna kallo, kamfanonin Hollywood suka faɗaɗa allon silima don jawo su. A 1953 aka fito da fim ɗin The Robe da fasahar CinemaScope, mai hoto da faɗinsa ya ninka tsayinsa fiye da sau biyu. A 1984 wani injiniya mai suna Kerns Powers ya kawo shawarar 16:9 a matsayin tsaka-tsaki tsakanin tsohon akwatin talabijin da faffaɗan allon silima. Shi ne ma'aunin talabijin ɗin bango da YouTube a yau.

A nan ne labarin ya shafe mu. Lokacin da aka yi Turmin Danya a Kano a 1990, kaset ɗin VHS ake amfani da shi, kuma 4:3 ne. Faifan VCD da ya biyo baya ma haka. To idan aka ɗauko irin wannan fim aka tilasta masa cika allon 16:9, faɗinsa zai ƙaru da kashi ɗaya bisa uku, shi ne za ka ga jarumi siriri ya koma gajere mai ƙiba. Wasu kuma sai su yanke sama da ƙasa don hoton ya cika allo. Wannan yana cinye rubu'in hoton, har da fassarar da ke ƙasa da sunayen ma'aikata, cikinsu har da na marubucin labarin. Gyaran shi ne a bar hoton a 4:3, a yarda da baƙin fili a dama da hagu. A allon 1920 da 1080, hoton zai zauna a 1440 da 1080.

Akwai wani tarkon a faifan DVD. A tsarin PAL da Najeriya ke bi, ana ajiye hoton a ɗigo 720 da 576, kuma ɗigon ba murabba'i ba ne. Wata alama ce a cikin fayil ɗin take gaya wa na'ura ta nuna shi a 4:3 ko 16:9. Idan manhajar da muke juya bidiyo da ita ta yi watsi da alamar, sai fuskoki su tsuke su yi tsawo. Kafin mu juya, mu buɗe asalin a VLC mu gwada ma'aunai biyun, mu duba wani abu mai da'ira kamar tayar mota ko faifan tuwo. Inda ya fito da'ira sosai, nan ne daidai.

Batun fayil da ya ƙi buɗewa kuwa, mu ɗauke shi kamar buhu da abin da ke cikinsa. AVI da Microsoft ya fitar a 1992, da MKV, da MP4, da 3GP ɗin wayoyin Nokia, duk buhuna ne. Hatsin ciki shi ne tsarin matse hoton: MPEG-1 na VCD, MPEG-2 na DVD, H.264 na 2003, da H.265 na 2013. Shi ya sa MP4 biyu, ɗaya ya buɗe ɗaya ya ƙi: na biyun H.265 ne, tsohuwar na'ura ba ta san shi ba. Canza wa fayil suna daga MKV zuwa MP4 ba ya canza komai a ciki. Sai an bi da shi ta manhaja irin HandBrake, a zaɓi MP4 da H.264, sauti kuma AAC, wanda kusan kowace waya ke karantawa.

Abu na ƙarshe, kada mu goge asalin bayan mun juya. Duk juyi yana rage ingancin hoto, WhatsApp ma yana ƙara matse shi. Hirar da muka yi da dattijo a yau, wataƙila ba za a sake samun damar yin ta ba.

Mai tambaya ko ƙarin bayani ya ajiye a sashen sharhi. Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.