Tarihin Toshe Jijiyar Jini da Danƙo

Sanin kowa ne cewa tsayar da jini tsohon aiki ne a ƙasar Hausa. Wanzami yakan danne rauni, ko ya ɗaure shi, ko ya yi masa lalas. Amma wannan dabara ce ta jinin da ido ke gani. Wanda ya ɓalle cikin ƙwaƙwalwa ko mahaifa kuwa, hannu ba ya isa gare shi sai an tsaga jiki.

A 1895 Röntgen, Bajamushe, ya gano hasken da ke ratsa jiki. A 1927 Egas Moniz ya ɗauki hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa a Lisbon. A 1953 Seldinger na Suwidin ya fito da hanyar zura siririyar roba cikin jijiya ba tare da fiɗa ba. Abin da ya rage shi ne samun abin toshewa.

A 1942 Harry Coover ya ci karo da sinadarin sayanokirilet a Amurka, kamfanin Eastman Kodak ya fara sayar da shi a 1958. Danginsa ne gam ɗin Super Glue. Ruwa ne, amma da ya taɓa jini sai ya daskare. Likitoci suka fara gwada shi cikin jijiya a shekarun 1970. Akan gauraya shi da man Lipiodol don ya fito a hoto, ya kuma jinkirta daskarewa. Haɗarinsa shi ne yakan kama robar da kanta. Saboda haka aka ƙirƙiro Onyx, wanda ba ya mannewa, Amurka ta amince da shi a 2005.

Zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba wajen hallaka masu jego. Tun 1979 aka ba da rahoton tsayar da ita ta toshe jijiya. Fa'idar danƙo ita ce yana aiki ko da jinin mace ya kasa daskarewa, a kuma tsirar da mahaifarta.

Sai dai aikin yana bukatar na'urar hoto, da lantarki, da ƙwararre. Mai jego a Kongolam, bakin iyakar Nijar, sai ta kai Daura tukuna, kafin a yi zancen Katsina ko Kano. Binciken E-MOTIVE na 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya, ya nuna auna jinin da wuri da haɗa magunguna nan take ya rage munanan sakamako da kashi 60 cikin 100. Wajibi ne mai tsara kasafin lafiya ya fara da wannan, da motar asibiti da ajiyar jini, domin danƙo ba ya amfanar wadda ba ta iso da rai ba.